Awon Masanin Abinci: Tsakanin Yawan Ambato da Rayuwar Yara

A kowace shekara, da zarar an fitar da jerin masana kimiyyar da aka fi kafa hujja da ayyukansu a duniya, wanda Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suke tattarawa daga rumbun Scopus, sai jami'o'in Nijeriya su shiga fitar da sanarwar taya murna. Kowace tana bayyana adadin malamanta da suka samu shiga sahun kashi biyu cikin ɗari na sama. Murnar tana kan hanya, domin malamin da ya yi bincike cikin ƙarancin wutar lantarki da kayan aiki har duniya ta san da shi ya cancanci yabo. Sai dai waɗannan alƙaluma ba su tsaya a shafin taya murna ba. Sun shiga takardun neman ƙarin girma, sun shiga takardun neman tallafin bincike, kuma suna sauka a teburin manyan sakatarori da daraktoci da mataimaka na musamman a Abuja duk lokacin da za a zaɓi wanda zai zauna a kwamiti ko ya ba minista shawara. Saboda haka ya zama wajibi ma'aikacin da irin wannan takarda za ta bi ta hannunsa ya san abin da lambar take faɗa, da kuma abin da ta yi shiru a kansa.

Asalin ƙidayar ba boyayye ba ne. A 1964 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya fara fitar da kundin da ke nuna wace maƙala ce ta ambaci wace, domin sauƙaƙa wa masu bincike bin sawun ilimi. A 2005 masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h, wanda ya dunƙule rayuwar aikin mutum a lamba guda. Idan aka ce ma'aunin malami 20 ne, ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Lamba ce mai sauƙin karantawa, kuma sauƙin nan ne ya sa ta yi farin jini a ofisoshi. Abin da take aunawa shi ne yawan yadda masana suke ambaton juna a rubuce. Ba ta bambanta wanda aka ambata don yabo da wanda aka ambata don ƙaryatawa, kuma maƙalar da mujalla ta janye saboda kuskure takan ci gaba da tara ambato shekaru bayan janyewar.

A wasu fannoni wannan naƙasu ba ya wuce gardamar malamai. A fannin ilimin abinci mai gina jiki kuwa, magana ce ta rai da mutuwa. Binciken yawan jama'a da lafiyarsu na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wanda aka gudanar a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya hau zuwa kashi 40. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa kimanin yara miliyan biyu ne ke fama da tamowa mai tsanani a ƙasar nan, kuma biyu kacal cikin goma ne magani yake isa gare su. Ƙasar da ke ɗauke da wannan nauyi ba ta da sararin yin kuskure wajen tantance masanin da za ta saurara da binciken da za ta zuba wa kuɗi.

Tarihin aikin likitan nan Bafaranshe, André Briend, ya isa misali. Ya yi shekaru yana aiki da cibiyar binciken ƙasarsa mai kula da ƙasashe masu tasowa, ya zauna a Senegal, ya kuma zauna a Bangaladash. A 1987 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Lancet, inda suka nuna cewa kaurin damtsen yaro yana nuna haɗarin mutuwar da ke kansa. Wannan da ayyukan wasu masana su ne tushen ɗan siririn tef mai launin ja da rawaya da kore da ma'aikatan lafiya suke naɗa wa yara a hannu a asibitocin karkara. A yau, yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ana ɗaukar sa a matsayin mai tamowa mai tsanani. Awon ba ya buƙatar sikeli, ba ya buƙatar lissafi, ba ya buƙatar wutar lantarki.

Gano yaron mataki ne na farko. Warkar da shi ne ya daɗe yana gagara. Wani nazari da Claire Schofield da Ann Ashworth suka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1996 ya nuna cewa tun daga shekarun 1950, yawan yaran da ke mutuwa a asibiti saboda tamowa mai tsanani bai sauka daga kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba. Shekara arba'in ana rubutu ana ambaton juna, gadon asibiti bai shaida wani canji ba. Ko da aka samu ingantacciyar madarar magani mai suna F-100, wadda Farfesa Michael Golden ya taka rawa wajen tsara ta, matsala ta saura. Madarar gari ce, sai an dama ta da ruwa mai tsabta, kuma da zarar an dama, ƙwayoyin cuta suna saurin hayayyafa a cikinta. Don haka dole a kwantar da yaro a asibiti na makonni, mahaifiyarsa ta bar gona da sauran 'ya'ya ta zauna jinya. Iyaye mata da yawa ba sa iya zuwa, waɗanda suka zo kuma da yawa sukan tafi kafin a sallame su.

Abin da Briend ya yi, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, shi ne cire ruwa daga cikin lissafin gaba ɗaya. A 1996 suka haɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa da sukari da mai da garin madara da sinadaran bitamin da ma'adanai, suka samar da abinci mai kauri kamar tunkuza mai laushi, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da na madarar asibiti. Da yake babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa. Ba ya buƙatar dafawa ko firji, yaro kuma yana iya tsotsa daga leda da hannunsa. Leda guda mai nauyin giram 92 tana ɗauke da kalori 500, katan guda mai leda 150 kuma yakan kusan isar yaro ɗaya har ya warke cikin mako shida zuwa takwas. Shi ne aka sa wa suna Plumpy'Nut.

Rahoton farko na gwajin wannan abinci ya fito a Lancet a 1999, kuma gajeren rubutu ne da bai wuce shafi biyu ba. Wasu masana suka ɗora daga nan: Steve Collins ya gwada jinyar yara a gidajensu a Habasha, Mark Manary ya yi irin haka a Malawi. Babbar jarrabawa ta zo a 2005, lokacin matsalar yunwa a Jamhuriyar Nijar, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a yankin Maraɗi, akasari a gaban iyayensu mata a gida, kuma kusan tara cikin goma suka warke. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance. Nijeriya ta fara aiki da ita a 2009 a jihohin Kebbi da Gombe, kafin ta bazu zuwa sauran jihohin Arewa. Daga baya Briend ya shiga cikin wani bincike da aka yi a Mirriya ta jihar Damagaram, wanda aka buga a 2015, da ya nuna cewa iyaye mata, ko da ba su yi karatun boko ba, suna iya auna damtsen 'ya'yansu daidai idan aka koya musu.

Ko shakka babu, a yau ana ambaton ayyukan Briend da yawa a mujallun duniya. Abin lura shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. Tambayar da ya ɗauko ta fito ne daga ɗakin jinya, amsar ta koma ɗakin jinya, ambato kuma ya biyo baya da shekaru. Da a ce wani kwamitin ƙarin girma ya zauna a kan takardunsa a shekara ta 2000, yana aiki da jadawalin da ke ba gajeren rahoto maki kaɗan, da aikin da ya fi kowanne ceton rai a cikin ayyukansa ya samu maki mafi ƙanƙanta. Hukuncin da ya dogara da ambato kaɗai yakan makara, kuma yaron da ke kwance ba ya jira.

Akwai misali na ɗaya ɓangaren, kuma ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Brian Wansink na Jami'ar Cornell a Amurka ya kasance cikin fitattun masu bincike kan ɗabi'ar cin abinci. An ambaci maƙalunsa sau dubbai, littafinsa ya samu kasuwa, kuma daga 2007 zuwa 2009 gwamnatin tarayyar Amurka ta ba shi shugabancin cibiyar tsara manufofin abinci a ma'aikatar gona. An gina shirye-shiryen ciyar da ɗalibai a makarantu bisa shawarwarinsa. Da wasu masu bincike suka zauna suka bi alƙalumansa ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar da lissafin da bai haɗu ba. A watan Satumba na 2018 mujallun ƙungiyar likitocin Amurka suka janye maƙalunsa shida a rana guda, jami'arsa ta same shi da saɓa ƙa'idar bincike, ya kuma bar aiki a 2019. Duk tsawon shekarun nan ma'auninsa yana sama. Waɗanda suka gano ɓarakar sun gano ta ne ta hanyar karanta aikin, abin da lamba ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Ga masanin abinci ɗan Nijeriya, ma'aunin yana da wani karkata na daban. Mujallun da manyan rumbunan ƙidaya suke lissafawa mafi yawansu na Turai da Amurka ne, kuma mujallun Afirka kaɗan ne a cikinsu. Masu karanta waɗancan mujallu sun fi damuwa da matsalolin ƙasashensu. Malamin da ya ƙare shekara uku yana auna sinadaran da ke cikin kuka da zogale da daddawa da kunun gyaɗa, ko yana bin diddigin abin da yaro yake ci bayan yaye a ƙauyukan Jigawa, ya yi aikin da ma'aikatar lafiya ba za ta iya tsara komai ba tare da shi ba, amma masu ambatonsa a duniya ba za su yi yawa ba. Ga kuma kuɗin bugawa a manyan mujallu, wanda yakan kai dubban daloli a kan maƙala guda, abin da ya fi ƙarfin albashin malami. Idan ƙarin girma ya rataya a kan lamba, mai hankali zai bi inda lambar take: ya yanka bincike guda gida uku, ya shiga ƙawancen ka-ambace-ni-in-ambace-ka, ko ya biya mujallun bogi da ke buga komai cikin mako guda.

Illar wannan ta bayyana a fili. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta jagoranci binciken abin da 'yan Nijeriya suke ci daga 2001 zuwa 2003. Ba a sake yin makamancinsa a faɗin ƙasa ba sai a 2021. Kusan shekara ashirin ana tsara manufofin abinci da alƙaluman da suka tsufa, a ƙasar da yawan jama'arta da farashin abincinta da yanayin nomanta suka sauya matuƙa. A cikin waɗannan shekaru jami'o'i ba su daina fitar da maƙalu ba. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai saka wa wanda ya yi aikin da ƙasa take buƙata, ko da aikin ba mai jawo ambato ba ne.

Adalci ya buƙaci a saurari masu kare ƙidayar, domin hujjarsu tana da ƙarfi. A ƙasar da mai uwa a gindin murhu yakan sha gaban wanda ya fi shi cancanta, lamba tana ba marar gata abin riƙewa. Malamin da ba shi da kowa a majalisar jami'a yana iya nuna shaidar da ba wanda ya ba shi ita don alfarma. Idan aka ce a jefar da ita a koma ga abin da ake kira tasiri, kowa zai iya rubuta shafi goma yana yabon kansa, kuma ƙofar son kai za ta ƙara buɗewa. Haka nan, aikin da aka buga a mujallar da masana suke tantancewa ya fi fuskantar idon masu suka, kuma wannan ido shi ne ya tona asirin Wansink. Don haka wannan jarida ba ta goyon bayan watsi da ƙidayar ambato. Matsayinta shi ne a ɗauke ta a matsayin shaida guda cikin shaidu, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya.

Duniyar ilimi ta riga ta kama wannan hanya. Sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda aka tsara a 2012, ta buƙaci a daina auna darajar maƙala da sunan mujallar da ta fito a ciki, kuma dubban cibiyoyi da masana sun sa mata hannu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da asusun TETFund suna da ikon kawo irin wannan gyara a nan gida. Mai neman ƙarin girma ko tallafi daga asusun bincike na ƙasa ya zaɓi ayyukansa biyar mafi muhimmanci, masu tantancewa daga wajen jami'arsa su karanta su daga farko har ƙarshe. Ya ajiye ainihin alƙaluman bincikensa inda wani zai iya sake lissafa su. Idan ya ce aikinsa ya yi amfani, ya kawo shaidar da za a iya bincika: ƙa'idar jinya da aka sauya saboda shi, mizanin da hukumar NAFDAC ko ta SON ta ɗauka, irin shuka da manoma suka karɓa, ko kayan aikin da ke hannun ma'aikatan lafiya. A kuma ware maki na musamman ga binciken ƙasa baki ɗaya da jadawalin sinadaran abincin gida, sannan a tallafa wa mujallun cikin gida su kai matsayin da manyan rumbuna za su lissafa su.

Nauyi na biyu yana kan ma'aikatu. Majalisar Ƙasa kan Abinci Mai Gina Jiki, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa yake shugabanta, ita ce ta fi dacewa ta fitar da jerin tambayoyin da gwamnati take neman amsarsu, ta ɗaura kuɗin bincike a kansu. Tambayoyin ba su da wuyar samu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi cewa aƙalla rabin sinadarin gina jiki na furotin da ke cikin abincin maganin tamowa ya fito daga madara, garin madara kuwa daga waje ake shigo da shi da dala. Ko akwai haɗin waken soya da dawa da masara da zai yi aiki daidai da shi a jikin yaran ƙasar nan? Gyaɗar gida tana yawan ɗauke da gubar afalatoksin da wani nau'in fumfuna yake haifarwa, abin da ke hana masana'antun Kano da Legas dogara da ita yadda ya kamata. Cibiyar IITA ta samar da maganin Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar; me ya hana shi isa ga yawancin manoman gyaɗa? Yara nawa ne suke komawa cikin tamowa bayan an sallame su, kuma me ya sa? Ta wace hanya ledojin da aka rubuta ba na sayarwa ba ne suke ɓullowa a kasuwa? Kowace daga cikin waɗannan tambayoyi tana da amsa da za a iya samu da kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a taruka.

Lokaci ma ya ƙara matsewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rage tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, UNICEF kuma ta yi gargaɗin cewa abincin maganin tamowa yana iya yankewa a Nijeriya. Tsarin da aka gina a kan kuɗin wasu da binciken wasu ya nuna rauninsa. Ƙasar da ta taɓa tara dalar gyaɗa a Kano ba ta rasa albarkatun da za ta ciyar da 'ya'yanta marasa lafiya ba, ba ta kuma rasa masana ba. A baya ta nuna tana iya ɗaukar sakamakon bincike ta mayar da shi doka: ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri har ta zama ta farko a Afirka da aka ba shaidar cim ma wannan buri a 2005, ta kuma wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Waɗannan nasarori sun samu ne saboda wasu ma'aikata sun karanta abin da masana suka rubuta, sun fahimta, sun tsaya a kai.

Irin wannan karatu ake buƙata daga duk daraktan da fayil ɗin wani masani ya zo gabansa, da duk mataimakin da aka ce ya kawo sunaye uku kafin ƙarfe huɗu. Duba ma'aunin h ba ya ɗaukar minti guda, kuma babu laifi a duba. Bayan haka sai a buɗe aikin a tambaya: wace matsala ya ɗauko, a ina ya yi gwajin, wa ya sake gwadawa ya samu daidai, kuma me ya canza a asibiti ko a gona ko a tukunya saboda shi? Masanin kirki zai yi farin ciki da waɗannan tambayoyi, domin yana da amsarsu. Uwar da ke zaune a layin asibitin karkara da ɗanta a cinya ba ta san sunan André Briend ba, ba ta kuma taɓa jin labarin Scopus ba, amma tef ɗin da aka naɗa wa ɗanta da ledar da aka miƙa mata sun fito ne daga binciken da wani ya yarda ya ba kuɗi tun kafin a fara ambatonsa. Masu riƙe da alƙalamin amincewa a Abuja su ne za su yanke ko masanin Nijeriya mai irin wannan aiki zai samu wannan dama.